Yadda Ake Shirya Fim ɗin Maƙarƙashiyar Siyasa Cikin Salon Nuwar a Maraɗi

Duk wanda ya yi niyyar shirya fim ɗin maƙarƙashiyar siyasa a Maraɗi, kafin ya nemi kyamara ko ya tara ƴan wasa, ya kamata ya zauna ya amsa tambaya guda: mene ne aka sace, kuma wa ya kwana da yunwa saboda an sace shi? Matasa da dama masu sha'awar irin wannan fim sukan fara da bindiga da baƙar mota da mutum mai baƙin tabarau, domin abin da idonsu ya riƙe ke nan daga finafinan waje, daga ƙarshe sai su fito da fim wanda kayan adonsa suka cika amma babu mai kallon da ya damu da abin da ke faruwa a cikinsa. Maƙarƙashiya tana kama zuciyar mai kallo ne idan abin da aka ƙulla a kansa ya taɓa tukunyar gidansa.

Salon nuwar ya samo asali daga finafinan laifi na Amurka na shekarun 1940 da 1950, kuma masu sharhi na Faransa ne suka raɗa masa sunan, musamman Nino Frank a 1946. Alamominsa su ne inuwa mai kauri, da jarumin da hannunsa ba shi da tsabta sarai, da ƙarshen da ba ya sanyaya rai. Sabon nuwar shi ne farfaɗowar wannan salo cikin hoto mai launi daga ƙarshen shekarun 1960, kuma ya haɗu da labarin siyasa sosai a shekarun 1970, lokacin da abin kunyar Watergate ya tilasta wa shugaba Richard Nixon yin murabus a watan Agusta na 1974, Amurkawa kuma suka daina yarda da duk abin da hukuma ta faɗa musu. A wannan shekarar ne aka fitar da fim ɗin Chinatown, kuma na ambace shi ne saboda dalili ɗaya: maƙarƙashiyar da ke cikinsa a kan ruwan sha da filayen noma na Los Angeles aka ƙulla ta. Manyan mutane suna kashe rai a kan abin da talaka yake sha kullum.

Mu a nan, abin da ya yi daidai da wannan ruwa shi ne hatsi. Daga cikin dalilan da sojoji suka bayar sa'ad da Seyni Kountché ya hamɓarar da shugaban Nijar Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974 har da zargin karkatar da abincin agaji a tsakiyar fari. A 2005 kuma, bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na shekarar da ta gabata, jihar Maraɗi, wadda ake ƙirgawa cikin rumbunan ƙasa, ta zama inda aka fi ganin yara masu tamowa, alhali gero yana jibge a kasuwa, kuɗin sayensa ne ya fi ƙarfin mutane. Marubucin da ya gina labarinsa a kan buhunan da aka ce za a sayar da rahusa amma suka ɓace tsakanin mangaza da kasuwa ba ya bukatar dogon bayani, domin duk wanda ya taɓa auna tiya ya san zafin abin. Akwai kuma iyaka: hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, da rufewar da Najeriya ta yi mata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma duk lokacin da aka rufe iyaka wasu suna karyewa, wasu kuma a nan suke yin arziki. Akwai rabon filaye a bakin gari, inda gonar gado kan koma fuloti, takarda ɗaya kuma ta bayyana a hannun mutum biyu. A zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan a tsaya a kansa. Fim ɗin da ya haɗa hatsi da mai da fili da zaɓe a lokaci guda yakan koma wa'azi a kan lalacewar zamani.

Bayan an zaɓi abin da aka sace, sai a rubuta satar kanta daga farko har ƙarshe a wata takarda ta daban, wadda mai kallo ba zai taɓa gani ba. A rubuta wanda ya fara kawo shawarar, da wanda ya sa hannu, da wanda ya ɗauki kaya, da hanyar da motar ta bi, da inda kuɗin suka sauka, da abin da kowa ya samu. Kada masu hannu a ciki su wuce huɗu ko biyar, kuma kowannensu ya san wani yanki kaɗai: direba ya san daren da aka yi lodi amma bai san mai kayan ba, sakatare ya ga sa hannun amma bai ga motar ba. Daga nan sai a nemi kuskure guda ƙarami wanda ya bar sawu, misali lambar mota ɗaya da ta fito a takardu biyu a rana ɗaya, ɗaya tana cewa ta nufi Dakwaro, ɗaya kuma tana nuna ta tsallaka iyaka. Wannan kuskuren shi ne ƙofar da jarumi zai shiga. Marubucin da bai san satarsa dalla-dalla ba zai riƙa cike gurbi da mutanen da ke raɗa a cikin duhu, kuma mai kallo yana gane bambancin sirri da rashin sani.

Zaɓen jarumi shi ne wurin da ya fi cancantar a daɗe ana tunani. Ɗan sanda mai bincike na sirri wanda ake haya da kuɗi ba sana'a ba ce da muka sani, saboda haka a bar shi inda aka gan shi. Wanda ya dace da garinmu shi ne ƙaramin ma'aikaci: akawun mangaza, ko ɗan jaridar gidan rediyo mai zaman kansa wanda albashinsa ba ya zuwa a kan kari, ko tsohon ɗan duwan da aka sallama. Sharaɗin salon shi ne ya kasance shi ma ya ci wani abu, ko da kaɗan ne, kuma ya kasance wanda yake bincike a kansa yana da haƙƙi a wuyansa. A ce Alhajin da ke bayan satar shi ne ya biya masa kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifinsa, shi ya nema masa aikin, shi ya tsaya masa a matsayin uba ranar ɗaurin aurensa, har yanzu kuma shi ke sayen maganin mahaifiyarsa. Maraɗi gari ne na alhazai ƴan kasuwa, tun zamanin cinikin gyaɗa, kuma dangantakar ubangida da yaronsa ita ce ƙashin bayan kasuwancinsu, saboda haka kowane mai kallo zai fahimci cewa tona asirin irin wannan mutum butulci ne a idon unguwa, ko da gaskiya ce a idon shari'a. Tsoron da jarumin nan yake ji ya wuce tsoron harsashi. Yana tsoron ranar da zai shiga masallaci a ƙi matsa masa a sahu, yana tsoron abin da surukansa za su ce, yana tsoron mahaifiyarsa ta ce ba ta yafe ba. Duhun da ya dace da fim ɗinmu a nan yake: kowa ya san abin da aka yi, kuma kowa yana da dalilin yin shiru wanda ba za a iya kiransa mugunta kai tsaye ba.

Don haka kada a mayar da Alhajin dodo. A bar shi ya zama mai kyauta da gaske, mai ciyar da almajirai, wanda ya gina rijiya a ƙauyensu, wanda kuma ya yi imani cewa in ba don shi ba da mutane da yawa sun tagayyara. Barazanarsa ma cikin ladabi za ta zo. A ce ya kira akawun bayan magariba, ya sa an kawo masa fura, sannan ya ce: "Ɗana, na ji an ce kwana biyu fitilarka tana kunne a mangaza har bayan isha'i. Aiki ba ya ƙarewa, ka riƙa hutawa. Yaya jikin tsohuwa? Ka gaya mata maganin wata mai zuwa yana nan, na riga na aika Katsina an sayo." Akawun kuma ya sunkuyar da kai ya ce: "Allah ya saka da alheri, Baba, Allah ya ƙara girma." Ba a ambaci buhu ba, ba a ambaci takarda ba, amma duk Bahaushen da ya ji wannan zance ya san an ja kunne. Haka ya kamata yawancin maganganun fim ɗin su kasance, da habaici da zaurance da gaisuwar da ta yi tsawo fiye da kima. Ƴan wasanmu sun saba da faɗin duk abin da ke zuciya da ƙarfi, sai darakta ya dage wajen rage musu magana, ya bar shiru ya yi aiki.

Tsohon nuwar yana da mace mai jan namiji zuwa halaka, kuma kwaikwayonta yadda take ba zai zauna a nan ba. Abin da ya fi amfani shi ne mace mai riƙe da wani yanki na sirrin, mai bukatar kanta da ta saɓa wa ta jarumi: uwargidan da aka yi wa kishiya kuma ta san inda ake ajiye takardu, ko Hajiya ƴar kasuwa wadda ita ma tana da motoci a kan hanya, ko matar direban da ya mutu a hatsarin da ba hatsari ba ne. Ta taimake shi don dalilinta, ta kuma bar shi ranar da dalilin ya ƙare.

Game da tsawo, shafi ɗaya na rubutun fim yakan ba da kusan minti ɗaya, saboda haka shafi 90 zuwa 100 ya isa. Cikin mintuna goma na farko jarumi ya ci karo da kuskuren nan na takarda. Kowane mutum da zai je wurinsa ya ba shi amsa ɗaya ya kuma buɗe masa tambaya mafi muni, har zuwa tsakiyar fim inda zai gane cewa wanda ya kai wa ƙara yana cikin masu hannu. Kyamara ta zauna tare da jarumi, kada a yanka zuwa ɗakin da maƙarƙasan suke shawara, domin da zarar mai kallo ya riga jarumi sani, fargabar ta mutu. Ƙarshen kuwa shi ne inda za a sha gardama da mai zuba kuɗi, wanda zai so a ga an sa wa Alhaji ankwa. Salon bai yarda da haka ba. Gaskiya za ta iya fitowa, amma a kama direba da sakatare, a yi wa babban jami'i canjin wurin aiki, Alhaji kuma a gan shi a sahun gaba wajen wani taro. Ra'ayina shi ne kada a kashe jarumin, domin mutuwa tana wanke shi. A bar shi da rai, a gari ɗaya da mutumin, yana gaishe shi.

Tun rubutu bai bushe ba a kai shi wurin lauya. Dokar laifuffukan intanet ta Nijar ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yuni na 2024, ta tanadi ɗauri a kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a ta hanyar intanet, kuma fim ɗin da aka ɗora a YouTube ya shiga wannan fage. A ƙirƙiro ma'aikata da jam'iyya da kamfani waɗanda babu su, a kauce wa suna da kamanni da lambar mota da za su sa a nuna wani da yatsa, kada kuma a ɗauki ƙofar gidan kowa ko allon wata ma'aikata ba da izini ba. Wannan ba tsoro kaɗai ba ne, fim ɗin ma ya fi ƙarfi idan mai kallo na Damagaram da na Tawa da na Katsina kowa ya ga kamar garinsu ake nufi. A tuntuɓi cibiyar fim ta ƙasa, CNCN, da ke Yamai a kan izinin ɗauka, a sanar da hukumomin gari da ƴan sanda, a kuma je a gaida mai unguwa kafin a kafa fitila ɗaya. Kakin soja ko na jandarma da bindigar roba kada su fito titi sai da takarda a hannu da jami'i a tsaye. Fitowar da ta shafi iyaka a shirya ta kusa da gari, domin ƙauyukan yankin Madarunfa da Gidan Rumji sun sha fama da ƴan bindiga masu satar mutane, kuma babu hoton da ya kai ran ma'aikaci.

Maraɗi tana ba mai ɗaukar hoto abubuwan da ba sai an saya ba. Bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a bakin gulbi, an mayar da garin kan tudu aka yanka shi da tituna miƙaƙƙu, kuma irin wannan titi yana ba da damar ajiye kyamara nesa, a sa mata dogon gilashi mai jawo nesa kusa, a ɗauki mutum yana tafiya, babur ɗin kabu-kabu yana biye da shi, mai kallo ya ji kamar shi ma leƙe yake yi. Akwai zauruka, da rumfunan kasuwa bayan an tashi, da tashar mota da asuba, da mangazu masu rufin kwano inda rana ke shigowa ta huda, da busasshen gulbi da rani. Ruwan sama a kan kwalta, wanda finafinan waje suka dogara da shi, muna da abin da ya maye gurbinsa, wato hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda ke dusashe rana ya kuma sa hasken fitilar mota ya tsaya cikin iska. Lokacin ne ya fi dacewa da ɗauka, sai dai a riƙa rufe kyamara, kada kuma a canja gilashi a fili. Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, kyamara takan yi zafi ta mutu a tsakiyar fitowa, ƴan wasa ma haƙurinsu yakan ƙare.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa hoton nuwar rashin haske ne. Haske ne mai ƙarfi daga gefe guda, tare da hana shi isa ɗaya gefen, har ɓangaren fuska mai haske ya ninka mai inuwa kamar sau takwas. Idan aka ɗauki hoto cikin duhu na gaske aka ɗaga ƙarfin kyamara, abin da za a samu dusa-dusa ne. Baƙar fata kuma tana bayyana ne ta ƙyallin da take mayarwa, saboda haka a haska babban farin ƙyalle ya mayar da hasken kan fuska, a sa wata ƙaramar fitila daga baya ta zana gefen kai da kafaɗa don mutum ya rabu da bango, a tabbata akwai ɗigon haske a cikin ido. Ɗan man kaɗe a goshi da kunci yana taimakawa. Kowane haske ya kasance yana da tushen da mai kallo zai yarda da shi: fitilar mai shayi, tocilan ɗin mai gadi, allon wayar salula, garwashin fada inda samari ke dafa shayi, fitilar babur. Ɗauke wutar lantarki ma a sa shi cikin labari, ya zama lokacin da takarda ke ɓacewa. Kwan fitila mai ruwan ɗorawa yana kusa da kelbin 3200 a ma'aunin launin haske, hasken rana kuwa kusan 5600, kuma za a iya ware launi ɗaya ga gidan Alhaji, ɗaya ga ofis, a riƙe haka har ƙarshe. Tun da wutar ƙasarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, a saita kyamara a kan hoto 25 a daƙiƙa da ƙiftawa ɗaya bisa 50, in ba haka ba fitilu za su riƙa rawa a cikin hoton.

Sauti ya fi hoto saurin kashe fim, musamman wanda aka gina a kan magana ƙasa-ƙasa. A nisanta janareta da doguwar waya a bayan katanga, a kusanto da makirufo bakin ɗan wasa, a tsara jadawali da sanin lokutan kiran salla, a kuma ɗauki minti ɗaya na shirun kowane wuri kafin a tashi, domin mai haɗa fim zai bukace shi. Kiɗa ya zama kaɗan, gurmi ko garaya guda ta isa. Waƙa da rawa irin na finafinan Kano, in mai kuɗi ya nace, a sa su cikin biki ko taron siyasa inda maroƙa ke wasa Alhaji, jarumi kuma yana tsaye yana jin ana kirarin mutumin da ya san abin da ya aikata.

Wajen haɗawa, manhajar DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta wanda ya isa a yanka fim a kuma gyara launi. A shirya fassarar Faransanci a ƙasan hoto tun da wuri idan ana da niyyar kai fim ɗin FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, inda ɗan Nijar Oumarou Ganda ya fara lashe babbar kyautar a 1972, duk wanda kuma yake son kasuwar Kano ya san akwai hukumar tace finafinai ta jihar. Amma yawancin masu kallo a waya za su gani, ko an tura musu a shago ko sun sauke daga intanet, da rana, a ƙarƙashin rumfa. Saboda haka kafin a rufe aiki a tura fitowar da ta fi duhu cikin waya mai araha, a fita da ita waje da azahar, in fuska ta ɓace a koma a ɗaga hasken. Sannan a tara mutum goma waɗanda ba su karanta labarin ba, har da mata da dattijo ko ɗaya, a nuna musu fim ɗin, a tambayi kowa shi kaɗai wa ya sa hannu a takardar, kuma me ya hana akawun magana tun farko. Idan fiye da uku suka kasa amsa tambayar farko, a koma kan fitowar da aka nuna takardar a tsawaita ta, idan kuwa ta biyun ce ta gagare su, sai an sake ɗaukar zaman akawun da Alhaji.